Ruwan kilim: a tara a bido ko a ja tiyo waje?

A Yamai, ruwan da ke fita daga kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya damun kowa a watan Maris, don iska a bushe take. Sai Agusta, da damina ta kankama, yake ɗiga ba tsayawa.

Mai ajiye bido ya huta da kashe kuɗi, ga ruwan wanke daɓe. Amma in ya cika da dare har bakin tiyo ya nutse, ruwan kan koma baya, ya biyo bangon ɗaki, fenti ya kumbura. Ga sauro kuma.

Ni na fi son a ja tiyo zuwa gindin dogon yaro, a ba shi gangara, kada ya lanƙwashe. Ƙurar hunturu kan toshe shi, sai a busa shi kafin ruwan fari.