Shagon hayar littattafai na kusa da babbar kasuwar Maradi

Wata uku kenan ina zuwa shagon nan, gaskiya na ji daɗinshi. Littafin Hausa dala ashirin ne kwana biyu, na faransanci dala arba'in, in ka makara da kwana guda ma Malam mai shagon baya yi maka faɗa, sai dai yace ɗiyata a kiyaye gaba. Mafi yawan kayan daga Kano suke zuwa ta Katsina da Jibiya, kusan duk na soyayya ne, amma can ƙasan kanta akwai kwali guda na labaran ƙagen kimiyya da faransanci, wasu bangon duk ya yage an liƙe da salatif.

Su ne suka riƙe ni. Na karanta wani a kan mutanen da suka koma duniyar Mars, ruwa ma aunawa ake da cokali, wallahi sai na tuna layin jarkoki a famfon unguwarmu lokacin bazara, ban yi barci ba ranar. Wani kuma na mutum-mutumi ne, shafi 40 na aje shi, bayanin inji yayi yawa ba mutane ciki.

Damuwata guda, ina rubuta sharhin duk wanda na karanta, to sharhin ya cinye min lokacin nawa labarin da nake rubutawa, babi na 6 ya fi wata yana jirana cikin kaye. Yanzu na tsaida, bayan asuba labarina, sharhi sai Lahadi.

Abin gyara, in kuran ya ɗauke cikin shagon duhu ne sosai, ku tafi da safe.