Tapiyoka ko acha: wanne ya fi wa mai gudun alkama?

Hajiya, na ga tambayarki ta jiya: likita ya hana 'yarki duk abincin da ke da gulutin, wata ta ba ki shawarar tapiyoka, ke kuma kina ganin ga acha a Jos ba sai an je nesa ba, wanne za ki kama? Allah ya ba ta lafiya.

Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir, shi ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Tapiyoka sitaci ne da ake tacewa daga rogo, acha kuwa hatsi ce, kuma babu gulutin a ko ɗaya. Ta nan kam kunnen doki suka yi.

Inda suka rabu shi ne abin da yarinya za ta samu in ta ci. Tapiyoka kusan sitaci ne zalla. A giram 100 na busasshensa furotin bai kai giram 1 ba, dusa babu, domin an wanke komai wajen tacewa. Yana cika ciki, yana saurin ɗaga sukarin jini, ba a jima ba yunwa ta dawo. Acha tana da furotin ninkin ba ninkin hakan, kuma idan aka yi gwate da ita irin namu na Filato, da yakuwa da alayyafo da gauta da gyaɗa, an gama abinci a tukunya guda. Yarinya mai tasowa, wadda wataƙila hanjinta ya daɗe ba ya tsotsar abinci yadda ya kamata, ba a dogara da sitaci wajen ciyar da ita. Aibin acha biyu ne, tsada da yashi. Duk wadda ta taɓa rairayarta ta san aikin ba na mai gaggawa ba ne.

To amma kada ki yar da tapiyoka. Yana da abin da acha ba ta da shi, wato danƙo. Garin acha ko na shinkafa shi kaɗai ba ya kama jikinsa, kina gasawa yana marmashewa. Ki ɗan zuba sitacin rogo a ciki ki ga yadda zai haɗe. Mutanen Barazil, inda rogo ya samo asali, da shi suke yin ƙananan burodinsu na cuku ba ko ƙwayar alkama. Haka alabo yake mana a ɗanwake: garin wake, alabo, kuka, kanwa, ba sai an sa fulawa ba. Garin kwaki ma ba shi da matsala, in dai an sarrafa rogon da kyau, domin ɗanyen rogo mai ɗaci yana da guba sai an jiƙa an matse an soya.

Abin da ya fi damuna ba rogon ba ne, ba kuma achar ba, injin niƙa ne. Kin sayo acharki tsaf daga kasuwar Katako ta Jos, kin kai niƙa, ashe wadda ta riga ki alkamar funkaso ta niƙa. Ga mai cutar siliyak, wato wadda gulutin ke lalata mata hanji, wannan ragowar ma illa ce. Ma'aunin duniya na kiran abinci marar gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, kin ga kuwa ko tsinken cokali bai kai ba. Rariya, muciya, man da aka soya fanke, duk a raba mata nata.

Sai abin da ake kira burodin rogo. Sunan ne kawai. Tun zamanin Obasanjo da aka fara zancen saka kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, ragowar duk alkama ce. Semovita, taliya, kuskus na leda, alkaki, duk alkama ne. Masa da ɗanwaken waje kuwa a tambaya, wasu na ƙara fulawa don auki. Dunƙulen miya ma a karanta jikin takardarsa.

Da ni ce, acha da gero da dawa da shinkafa su zan sa a tuwo da kunu na kullum, tapiyoka in ajiye shi don haɗa gari da ɗan kunun marmari, da madara da gyaɗa don ya yi amfani. In da hali ki sayi ƙaramin injin niƙa na gida, wanda alkama ba za ta taɓa shiga cikinsa ba.