Injin baza taki ya yi aikinsa, amma takin ya cuce mu

Kwamitin unguwarmu ne ke kula da ɗan filin shaƙatawa da yara ke buga ƙwallo a cikinsa da yamma, kuma a farkon daminar bana muka ɗauko wani kamfani ya baza mana takin gargajiya a kan kirikirin da rani ya ƙona. A da da shebur da baro muke wannan aiki, mu kwashe kwana uku, a ƙarshe taki ya taru tsibi-tsibi a wani wuri, wani wurin kuma ko ƙurarsa bai samu ba.

Injin da suka kawo, wanda ƙaramar tarakta ke ja, ya burge ni ƙwarai. Bel ne a ƙasan akwatinsa yake tura takin baya, buroshi mai juyawa yana watsa shi daidai wa daida, kaurinsa bai kai santimita ɗaya ba, har ana ganin kan ciyawar ta cikinsa. Kafin azahar sun gama, ni kuwa na yaba musu a gaban dattawan unguwa.

Bayan mako uku sai tsidau da ƙarangiya suka ɓullo ko'ina a filin da yawancin yaran ke wasa ba takalmi. Takin da aka haɗa yadda ya kamata yana ɗaukar zafi har ya wuce digiri 55 na kwanaki ana juya shi, kuma wannan zafin ne ke kashe irin munanan ciyayi. Abin da aka kawo mana kashin shanu ne da sharar turke da ba su gama ruɓewa ba, injin kuma ya rarraba mana irin ƙaya a kowane lungu da irin ƙwarewar da na yaba. Yanzu nake tuna cewa warin takin ya yi ƙarfi ranar, kuma sau biyu injin ya toshe saboda ledoji da tsakuwa, alamar ba a tankaɗe shi ba. Da na kira manajan, cewa ya yi ruwan sama ne ya kawo ƙayar, bai ko zo ya duba ba.

Asabar huɗu muka yi muna tuge ƙaya da hannu, kuma har yau akwai gefen da muka hana yara shiga. Gaskiya ne kirikirin ya yi kore fiye da bara, don haka baɗi zan nemi hayar injin kaɗai, takin kuwa mu za mu haɗa shi tun da hunturu, mu tankaɗe abinmu.