Tsakanin QLab da MultiPlay: wanne ya dace da wasan kwaikwayon makarantar ƙauye?

Assalamu alaikum, Malam. Ka tambaye ni wace manhajar kunna sautukan wasan kwaikwayo ce ta dace da makarantarku, QLab ko MultiPlay, da kuma ko ya kamata ka sayi MacBook ta hannu saboda QLab. Tun da kwamfuta mai Windows tana hannunka, kuma kayan sautin da za ku yi aiki da su a ranar yaye ɗalibai ba su wuce mikisa ɗaya da lasifika biyu ba, shawarata ita ce ka sauke MultiPlay ka ci gaba da shirin wasan ɗalibanka, maganar sayen MacBook ta hannu saboda QLab kuma ka jingine ta zuwa wani lokaci. Ina faɗin haka ne a matsayin wanda ke haɗa sauti a tarukan makarantu da wasannin wayar da kai a garuruwan da ke tsakanin Ringim da Taura, inda wuta ba ta da tabbas, kuma janareta ne ke riƙe da taro tun daga buɗewa har rufewa.

Aikin manhajojin biyu iri ɗaya ne a tushe. Kowacce tana ba ka damar jera sautukan wasa gaɓa bayan gaɓa bisa tsarin labarin, misali carar zakara a gaɓa ta 1, ƙarar babur a ta 2, tsawa da saukar ruwa a ta 3, sannan ka ƙayyade wa kowace gaɓa ƙarfin sautinta, da inda za ta fara, da inda za ta tsaya, da tsawon daƙiƙun da za ta ɗauka kafin ta dusashe. Idan ranar wasa ta zo, mai kula da sauti maɓalli ɗaya kawai yake dannawa, wato GO, sautin da ke kan layi ya fita, manhajar kuma ta matsa da kanta zuwa na gaba ta jira. Wannan shi ne abin da ya raba su da VLC ko waya, inda sai mutum ya sunkuya yana laluben fayil alhali ɗan wasa ya buɗe baki yana jiran tsawa. Shi ne kuma ya raba su da VirtualDJ da samarinmu masu kiɗan biki suka saba da ita, domin ita an gina ta ne don kada kiɗa ya yanke, wasan kwaikwayo kuwa rabin aikinsa shiru ne da jiran kalmar da za ta kira sauti.

QLab manhaja ce mai kyau, wannan ba abin musu ba ne. Kamfanin Figure 53 da ke birnin Baltimore a Amurka ne ke yin ta, kuma da ita manyan gidajen wasan kwaikwayo na Amurka da Ingila ke aiki. Tana sarrafa sauti da bidiyo da fitilun dandali daga jeri ɗaya, tana kuma iya rarraba sauti zuwa lasifika masu yawa, kowacce da abin da za ta fitar. Na taɓa zama a gabanta a wani taro a cikin birnin Kano, na ga tana aiki lafiya, iyakar abin da zan ce game da ita ke nan. Matsalarta a wajenmu ita ce a kan Mac kaɗai take tashi, wato kwamfutocin kamfanin Apple irin su MacBook. Ana iya amfani da ita kyauta, amma a kyautar layi biyu na fitar sauti za ka samu, wato dama da hagu, sauran abubuwan da suka ɗaukaka sunanta kuwa sai da lasisin da ake biya da dala ta intanet, ko dai a saya ko a yi hayarsa na kwanaki. Ka ga ke nan za ka kashe kuɗin MacBook ne don ka samu layi biyu, abin da kwamfutar da ke kan teburinka ta riga ta mallaka. Ƙari a kan haka, idan cajar MacBook ta ƙone sakamakon hawa da saukar wutar janareta, samun wata a kasuwar ƙauye abu ne mai wuya, sai an yi aike birni, alhali cajar HP ko Dell da wuya ka rasa wanda zai ara maka a ofishin makaranta ko shagon masu buga takardu.

MultiPlay kuwa daga ƙasar Ostireliya ta fito, kyauta ce gaba ɗayanta, kuma don Windows aka yi ta. Ba ta da nauyi, don haka tsofaffin kwamfutocin da suka fara gajiya ma suna ɗaukarta, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Tana iya kunna sautuka fiye da ɗaya a lokaci guda, ta yadda ruwan sama zai ci gaba da zuba a ƙasa-ƙasa yayin da tsawa ke faɗowa a kansa, tana iya maimaita sauti ɗaya ba iyaka har sai an tsayar da shi, kuma ana iya umartar wata gaɓa ta kira ta bayanta da kanta idan ta ƙare. Tana da wasu maɓallai na gefe da ake ɗora wa sautukan da ba su da tsayayyen lokaci, irin su tafi ko ƙarar ƙararrawa, a danna su duk sa'ad da buƙata ta taso ba tare da an ɓata jerin ba.

Abin da ya sa na riƙe ta da hannu biyu wani wasa ne da aka yi a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta ɓangarenmu, a kan mahaifin da ya so ya cire 'yarsa daga makaranta saboda talla. Malamar da ta shirya wasan ta ce tana son ɗaliba ce ta riƙe sauti, ba baƙo daga waje ba. Muka ɗauki kwafin rubutun wasan, muka sa lamba da jan biro a gefen kowace kalmar da sauti zai biyo bayanta, muka daidaita lambobin da na cikin manhajar, muka zaunar da wata yarinya 'yar aji biyar a gaban kwamfuta. Kafin a tashi daga gwajin farko ta gane aikin, domin idonta na kan takarda, yatsanta na kan maɓalli. A ranar wasan, ana tsakiyar fitowar da uban ke korar malamin da ya zo ba shi haƙuri, sai janareta ya shaƙe ya mutu. Lasifika suka yi shiru, amma kwamfutar ta ci gaba a kan batirinta, jerin yana nan daidai inda aka tsaya. Da aka tayar da injin, 'yan wasan suka koma farkon fitowar, yarinyar ta koma gaɓa biyu baya ba tare da ta kalli kowa ba, ƙarar bugun ƙofa ta fito daidai lokacin da uban ya ɗaga hannu. Iyaye mata da ke zaune a kan tabarmi suka ɗauki salati, wasu har suna waigawa su ga wace ƙofa aka buga. Har yau idan na tuna natsuwar yarinyar nan raina yana yin fari, kuma na tabbata da waya aka ba ta ko VLC, da ruɗewa ce za ta biyo baya.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman, wanda ya kamata duk mai zaɓen manhaja a ƙasarmu ya duba, shi ne yadda ake tsayar da komai cikin ladabi. Tarukanmu sukan kai La'asar, wani lokaci har Magariba, kuma idan ladan ya ɗaga murya, ko hakimi ya iso da tawagarsa, dole sauti ya sauka nan take. Yanke shi kwatsam yana sa lasifika ta yi ƙara mai firgitarwa idan ta hanyar zare waya aka yi, barinsa kuma rashin tarbiyya ne. MultiPlay tana da maɓallin da ke dusar da duk abin da ke tafiya a hankali, da wani da ke tsayar da shi nan take, QLab ma tana da irin wannan a kan maɓallin Esc. A nan kunnen doki suka yi, don haka wannan ma ba dalilin sayen Mac ba ne.

Ba zan ɓoye maka rauninta ba. Fuskarta ta tsufa, babu ado a cikinta, kuma idan nufinka haska bidiyo a majigi tare da sarrafa fitilu, ba a nan ƙarfinta yake ba. Sannan Windows da kansa yana buƙatar a ɗaure shi kafin taro: a kashe sautukan sanarwarsa, a hana kwamfutar yin barci ko kashe allo, a cire ta daga intanet don kada ta fara sabunta kanta ana tsakiyar wasa, a kuma rufe duk wata manhaja da ba a buƙata. Wannan aikin mintoci kaɗan ne, amma duk wanda ya tsallake shi zai ji ƙarar shigowar saƙo ta fita a lasifika a gaban shugaban makaranta da baƙinsa.

Kuɗin da ka tanada don MacBook, kaɗan daga cikinsa zai gyara abubuwan da ke ɓata sauti a zahiri. Na farko batir ne: idan na kwamfutarka ba ya riƙe caji na tsawon wasan da ɗan ƙari, ka canza shi kafin komai. Na biyu wayar da ke haɗa kwamfuta da mikisa, wadda ya kamata ka mallaki guda biyu masu kauri, domin ita ce ta fi kowane abu saurin lalacewa. Na uku shi ne gurnanin nan da ke fitowa a lasifika idan an jona cajar kwamfuta da amfilifaya a kan janareta ɗaya. Mutane da yawa suna ɗora wa manhaja laifinsa, alhali daga hanyar wuta yake, kuma gane shi ba wuya: ka zare cajar, idan gurnanin ya ɗauke to ka samo tushensa. Maganinsa shi ne a yi wasan a kan batir, ko a sa akwatin DI mai taransifoma tsakanin kwamfuta da mikisa, wanda ke raba hanyar wutar ɓangarorin biyu. Idan ramin da ake soka waya a jikin kwamfutar ya saki, ƙaramin akwatin sauti na USB zai maye gurbinsa. MacBook ma ba ta tsira daga wannan gurnani ba, domin wuta ba ta san sunan kamfani ba. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Jigawa, ka nema wa kwamfutar inuwa, ka ɗaga ƙasanta daga kan tebur don iska ta ratsa.

Su kansu fayilolin sautin suna son gyara tun kafin su shiga jeri. Ka bi da su ta Audacity, manhajar gyaran sauti wadda ita ma kyauta ce, ka yanke shirun da ke farkon kowanne, ka daidaita ƙarfinsu don kada wani ya fito kamar raɗa wani kuma ya tsorata yara, sannan ka adana su a matsayin WAV. Fayil ɗin MP3 yakan zo da ɗan guntun shiru a farkonsa da ƙarshensa, wanda ba a lura da shi a waƙa, amma ana jin sa idan ana maimaita sautin ruwa ko iska. WAV yana cin kusan megabait 10 a kowane minti, wanda ba komai ba ne ga wasan sa'a ɗaya. Saƙon murya da aka turo maka ta WhatsApp shi ma sai an juya shi zuwa WAV. Ka tara komai a folda ɗaya a cikin kwamfutar, kada ka kunna daga filash, kuma kada ka sauya wa fayil suna ko wuri bayan ka gama jeri, domin manhajar za ta neme shi inda ta san shi ta rasa.

Ba ka tambaya ba, amma ya zama wajibi in ja kunnenka game da wasu masu sayarwa a birni, ba duka ba. Duk wanda ya ce zai saka maka QLab a kan Windows, ko ya ce yana da kwafinta na Windows a filash, ƙarya yake yi, domin babu irin wannan, kuma abin da zai zuba maka a kwamfuta zai iya zama bairos. Duk wanda ya nemi kuɗin lasisin MultiPlay shi ma cutarka zai yi, abin da ya halatta ya karɓa shi ne ladan aikinsa da kuɗin data. Idan kuma wata rana ka yanke shawarar sayen MacBook ta hannu, ka sani cewa QLab 5, wadda ta fito a 2022, tana buƙatar aƙalla macOS 11, wato tsarin da ke tafiyar da Mac kamar yadda Windows ke tafiyar da kwamfutarka, kuma MacBook Pro ta 2012 mai ramin faifai, wadda ta cika shagunan kayan hannu saboda arharta, Apple bai ba ta macOS 11 ba, sai dai mai ita ya koma tsohuwar QLab 4. Akwai kuma waɗanda ake sayarwa suna kulle da asusun iCloud na mai su na farko, suna aiki lafiya a shago, sai ranar da aka goge su a gane cewa ba za su buɗu ba. Ka sa mai shagon ya goge ta ya sake saita ta a gabanka, ka duba adadin zagayen cajin batirinta, wanda Apple ya ƙiyasta wa yawancin MacBook zagaye 1000, ka zare caja ka bar ta tana kunna sauti kana kallon yadda cajin ke sauka, sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta. Wanda ya hana ka waɗannan gwaje-gwaje, ka bar masa kayansa.

Wanda QLab ta dace da shi shi ne wanda ya riga ya mallaki Mac mai lafiya, ko mai aiki a babban ɗakin taro a Dutse ko Kano inda akwai majigi da fitilu da lasifika a kusurwoyi da dama, kuma aikin yana biyan kuɗin lasisi. Kai kuwa, Malam, ka sauke MultiPlay daga shafin masu ita kai tsaye, ka zaɓi ɗalibi mai natsuwa tun yanzu ka ba shi rubutun wasan mai lambobi, ka sa shi a kowane gwaji tare da 'yan wasa, kuma gwajin ƙarshe a yi shi a filin da za a yi taron, da janaretan da za a yi amfani da shi. Ka kuma kwafi sautukan a waya bisa jerin lambobinsu, a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya shigo, a ajiye ta kusa da mikisa da tata wayar haɗi a layi na daban, ko da kwamfutar za ta ba da matsala. Allah ya ba da sa'a, ya sa a yi taro lafiya.