Saƙon gwaji na kullum ko bugun zuciya daga waje?

Ɗan'uwa, kan tambayarka ta yadda za ka tabbatar manhajar da ke sa ido a kan sabarka ba ta mutu shiru ba: tsakanin sa manhajar sa ido ta riƙa aiko maka "ina raye" kowace safiya da kuma haɗa ta da wani mai gadi a waje, ka ɗauki na biyu. Kada ka ɓata lokaci.

Ni abin da nake da shi shi ne Prometheus (mai sa ido a kan sabar) da Alertmanager (mai aika faɗakarwa), sai na jona su da Healthchecks.io, wato mai gadin na waje da ke jiran bugu a kai a kai. Akwai faɗakarwar da ake kira Watchdog, wadda ake rubuta wa vector(1), sharaɗin da kullum yake cika, don ta kasance a kunne ba dare ba rana. Ba kai take damu ba, Healthchecks take buga wa ta adireshin da ya ba ka. Muddin bugun na zuwa, kowa na barcinsa. Da zarar ya yanke, can waje ne za a tashe ka. Wani dare sabar ta sake tashi bayan sabuntawa, komai ya dawo ban da Alertmanager. Allon Grafana, mai nuna lafiyar sabar, kore shar, kamar babu abin da ya faru. Telegram ne ya yi ƙara, na miƙe na tayar da shi kafin gari ya waye. Tun ranar nake ganin girman tsarin nan.

Wajen saitin ne ake tuntuɓe. Asalin repeat_interval, wato tazarar da Alertmanager ke bari kafin ya maimaita faɗakarwa, awa 4 ne, to ka rage shi a hanyar Watchdog kaɗai, misali minti 5, sannan a Healthchecks ka ba shi rangwamen minti 10 kafin ya yi kururuwa, in ba haka ba ɗan jinkirin intanet ma sai ya hana ka barci. Kuma kada ka wadatu da cron (mai gudanar da aiki a kan lokaci) mai buga wa adireshin da curl kawai. Wannan yana shaida injin na numfashi ne, bai ce hanyar faɗakarwa na aiki ba. Tashar ma ka bambanta: in imel ne babbar hanyarka, mai gadin ya zo ta Telegram ko tes.

Saƙon safe kuwa, to, yana aiki. Sai dai bayan ɗan lokaci ido ya saba, kuma wa ke lura da saƙon da bai zo ba?

In ba ka son bayananka su fita, Uptime Kuma, manhajar sa ido da kake ɗorawa a injinka, na da irin wannan mai karɓar bugu, amma ka ɗora shi a wani injin daban. A nan ne ma zan ja kunnenka, ko da ba ka tambaya ba: akwai 'yan sarin sabar haya da za su rantse maka ta biyun tana wata ƙasa, alhali ɗaki ɗaya suke da ta farko, wuta ɗaya, layi ɗaya. Ka binciki adireshin IP ɗin da kanka kafin ka biya.