Matacin waje na akwatin kifi: wanne ya dace da wuta, ruwa da zafin Damagaram?

Duk wanda ya ajiye akwatin gilashi na kifin ado a gida, kuma girman akwatin ya haura lita 150, ba zai jima ba za a ba shi shawarar ya sayi matacin waje, wato tukunyar nan ta roba mai murfi da ake ajiyewa a ƙarƙashin akwati, ruwa ya sauko mata ta tiyo ɗaya, ya ratsa soso da tsakuwar tangaran, sannan injin da ke cikin murfin ya mayar da shi sama ta tiyo na biyu. Shawarar tana da kyau a garin da wuta ba ta yankewa. A Damagaram kuwa, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40, wuta take ɗaukewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta, kuma unguwanni da yawa suke dogaro da 'yan ga-ruwa, dole mai saye ya auna wasu abubuwan da ba a rubuta su a jikin kwali ba.

Babban aikin mataci ya wuce kama dattin da ido yake gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, wadda guba ce, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin soso da tsakuwa su mayar da ita nitirit, wasu kuma su mayar da nitirit ɗin nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma ana rage shi ta hanyar canza ruwa. Waɗannan ƙwayoyi suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu a sabon mataci, kuma ba sa rayuwa sai da iskar oksijin da ruwa mai gudana yake kawo musu. A nan ne raunin matacin waje yake, domin tukunyarsa a rufe take ruf. Idan wuta ta ɗauke, ruwan cikinta ya tsaya, ƙwayoyin da ruɓaɓɓen datti su shanye iskar da ta rage cikin 'yan sa'o'i, sai ruwan ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da zarar wuta ta dawo injin ya tunkuɗa wannan ruwa kai tsaye cikin kifi. Zafi yana gaggauta abin, tun da ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a kowace lita, mai digiri 30 kuwa kimanin 7.5 kawai. Mutane da yawa da suka wayi gari suka ga kifinsu a saman ruwa suna haki sun ɗora laifin a kan abinci ko maita ta ido, alhali matacin da ya kwana a kashe ne ya jawo.

Saboda haka lambar da ya kamata a fara dubawa ita ce wat, wato yawan wutar da injin yake ci. Eheim Classic 250, ƙirar kamfanin Jamus, yana cin wat 8 yana tura lita 440 a sa'a. Babban wansa Classic 600 yana cin wat 20 yana tura lita 1000. Fluval 207 yana cin wat 10. Daga cikin na ƙasar Sin, SunSun HW-302 yana cin wat 18, shi kuma HW-303B yana cin wat 35 ban da fitilar da ke cikinsa. Bambancin yana bayyana ne ranar da aka jona mataci a batir. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ajiye kimanin wat-awa 1200, wanda rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya yi ƙarko, kuma da wannan rabin injin wat 8 zai yi fiye da kwana biyu yana aiki ko da an cire asarar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, na wat 35 kuwa ba zai cika kwana guda ba. Wanda yake da sola a gida zai iya ɗora ƙaramin injin a kanta ba tare da ya hana fanka ko firji rabonsu ba. Akwai kuma ƙarin riba, domin wutar da injin yake ci zafi take komawa, kuma yawancinsa cikin ruwan yake shiga, abin da ba wanda yake nema a watan Mayu.

Game da ƙarfin turawa, ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce ruwan akwati ya ratsa mataci sau huɗu ko biyar a sa'a. Sai dai adadin da ke jikin kwali an auna shi ne babu soso, babu tsakuwa, babu dogon tiyo, don haka a gida yakan ragu da kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi. Akwatin lita 100 zuwa 120 na ƙananan kifin ado irin su gofi da moli zai wadatu da Classic 250 ko da gudunsa a gida bai kai wannan ƙa'ida ba, amma masu cin abinci da yawa, irin su kifin zinariya ko 'ya'yan gargaza da wasu suke sakawa, suna bukatar wanda ya fi shi.

Idan aka kwatanta su ta fuskar kulawa, Eheim Classic tsohuwar ƙira ce da ba ta da maɓallin jawo ruwa, kuma manyanta irin su Classic 600 ba su da kwandunan zuba soso da tsakuwa a ciki, saboda haka wanke ta yana da ɗan wahala, kuma tayar da ita karon farko yana bukatar a tsotso ruwa ta tiyo. Wannan ƙarancin kayan ne kuma alherinta, domin abin da zai iya lalacewa bai wuce farfela, wato 'yar fankar da ke tura ruwa a cikin inji, da sandarta da zoben robar murfi ba, kuma ƙirar ta daɗe ba ta sauya ba, ana samun kayan gyaranta. Fluval yana da kwanduna da ake zarowa gaba ɗaya, da famfon hannu na jawo ruwa, da makulli da ke tsayar da ruwan tiyo kafin a cire shi, abin da mai wanki a tsakar ɗaki zai yaba. SunSun shi ne mafi araha da nisa kuma tukunyarsa tana ɗaukar tsakuwa da yawa, amma robarsa ba ta kai ta sauran kauri ba, kuma maƙallan murfi da makullin tiyo su ne wuraren da ya kamata a duba da kyau tun a shago. Fitilar UV, wato fitila mai haske mai kashe ƙwayoyi, da ake tallata wasu samfuransa da ita tana kashe koren gansakuka da yake yawo cikin ruwa, sai dai tana ƙara cin wuta da zafi, kuma rage hasken rana da ke bugun gilashi yakan yi wannan maganin kyauta. Ni a ganina, mai akwati matsakaici wanda aljihunsa zai iya, ya fi masa alheri ya ɗauki mai wat kaɗan ko da ya fi tsada. Mai babban akwati da sola wadatacciya zai iya tafiya da na Sin, muddin ya sayi kayan gyara tare da shi.

Batun kayan gyara bai kamata a ɗage shi ba. Irin waɗannan injuna ba kayan da ake tsinta a kowace rumfa ta Kasuwar Dole ba ne, yawanci daga Kano ko Yamai ake aiko su, ko a yi odarsu ta intanet, kuma mataci ba zai jira mako biyu a kashe ana neman farfela ba. A sayi farfela ɗaya da sandarta, da zoben murfi guda, a ajiye. Sandar farfela a yawancinsu ta tangaran ce, tana karyewa idan ta faɗi ƙasa. Zoben roba kuma bushewar iskar hunturu da zafin bazara suna sa shi tsagewa, don haka a riƙa shafa masa man silikon a duk wanki, kada a sa basilin ko man inji, domin suna iya lalata roba. A duba faɗin tiyo, galibi milimita 12/16 ne ko 16/22, sannan a tabbata injin na bolt 220 zuwa 240 ne da haz 50. Wanda aka ƙera don Amurka na bolt 120 ne, zai ƙone nan take, wanda aka sayo daga Kano kuma yakan zo da fulogi mai baki uku irin na Ingila, sai an nemi mahaɗi.

Ruwan da muke samu shi ma yana shiga lissafi. Ruwan famfo yana zuwa da kulorin, wanda yake kashe ƙwayoyin nan masu amfani, don haka soso da tsakuwa ana ɗauraye su ne a bokitin ruwan da aka ɗebo daga akwatin kansa, ba tare da sabulu ba, kuma ba a sabunta su duka a rana ɗaya. Ruwan jarka da na rijiya yakan zo da yashi mai laushi, yashi kuwa shi ne yake cinye farfela, don haka a bar shi ya kwanta kafin a zuba. A lokacin hazo ƙura tana sauka a kan ruwa kullum, audugar tacewa tana toshewa da wuri, wankin da a wani wuri ake yi bayan wata biyu ko uku a nan yana iya dawowa duk wata. Ɗan soso da aka sa a bakin tiyon da ke shan ruwa, ana matse shi duk mako, yana rage yawan buɗe tukunya ƙwarai.

Matsalolin da za a ci karo da su ba su da yawa. Idan ruwa ya rage gudu, a fara duba tiyo ko ya lanƙwashe ko ya yi kauri da datti, sannan audugar. Idan inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ko dai iska ce ta maƙale a murfi, sai a karkata tukunya a hankali ta fita, ko kuma farfela ce ta ci. Idan yana tofar da kumfa lokaci zuwa lokaci, akwai inda yake shan iska a ɓangaren shiga. Idan murfi yana zuba, zobe ne ya bushe ko yashi ya hau kansa. Idan kuma wuta ta daɗe a ɗauke, a zare fulogin kafin ta dawo, a buɗe tukunya a zubar da ruwan cikinta, a ɗauraye kayan sannan a kunna, kuma a rage abinci na kwana biyu ko uku.

Ga wanda ba shi da batir ko sola, kuma akwatinsa bai kai lita 100 ba, shawarata ita ce ya haƙura da matacin waje, ya sayi matacin soso da ake nutsarwa cikin akwati, wanda ƙaramin famfon iska na wat 2 zuwa 5 yake tafiyar da shi. Ba shi da kyan gani kuma ba ya sa ruwa ya yi garau kamar na tukunya, amma sosonsa yana cikin buɗaɗɗen ruwa, ƙwayoyinsa suna jure ɗaukewar wuta fiye da na rufaffiyar tukunya, kuma akwai famfunan iska masu batir a ciki da suke ci gaba da aiki da kansu idan wuta ta tafi. Ko wanda ya sayi Eheim ko Fluval ya kamata ya ajiye irin wannan soso a kusurwa ɗaya ta akwati yana aiki kullum, domin ranar da farfela ta karye shi ne zai riƙe kifin har saƙo ya iso daga Kano.