IPC ko CPC: wanne ya fi dacewa da binciken injinan lantarki da janareta?

Malam, a kan tambayarka ta tsarin rarraba takardu rukuni-rukuni da za ka bi tsakanin IPC, na duniya, da CPC, na haɗin gwiwar Turai da Amurka, wajen tattara takardun mallakar ƙirƙira na janareta da injin juyi na lantarki, wanda masu gyara ke kira mota, domin ka danganta su da masana'antu, shawarata ita ce ka ɗauki IPC. Na yi aiki da dukansu biyun, ɗayan kuma sai da ya ci mini kuɗi.

IPC ya samo asali ne daga yarjejeniyar Strasbourg ta 1971, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, wato WIPO, ce ke kula da shi, kuma ana fitar da sabon bugu a farkon kowace shekara. Ya kasa fasaha gida takwas, daga A zuwa H, lantarki kuwa yana gidan H. Abin da kake nema yana ƙarƙashin H02K, inda aka haɗa mota da janareta wuri guda, saboda gininsu ɗaya ne: a mota wuta ce ke shiga juyi ya fito, a janareta kuma juyi ne ke shiga wuta ta fito. A ciki, rukuni na 1 na zuciyar ƙarfe da maganaɗisu ne, na 3 na naɗin waya, na 9 na sanyaya inji, na 15 na hanyoyin ƙerawa da gyara, na 21 kuma na injinan da ke aiki da maganaɗisu na dindindin. Sarrafa gudun injin ba ya nan, yana H02P, kuma duk wanda ya manta da shi ya zubar da babban kaso na aikinsa.

Abin da ya sa IPC ya kwanta mini a rai ya faru ne lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu. Na shiga Espacenet, shafin intanet na binciken irin waɗannan takardu, na nemi rukunin H02K 15, sai na ci karo da wata takarda ta Japan wadda ban iya karanta ko harafi ɗaya a cikinta ba, in ban da lambar rukunin da ke gaban alamar 51 a shafin farko, domin a nan ofisoshin duniya ke rubuta IPC. Na buga zanen na kai wa wani dattijo mai sake naɗin koyil a Kano. Ya goge hannunsa da tsumma, ya kara takardar kusa da fuskarsa, ya bi layukan da yatsa, nan take ya gane cewa dabara ce ta cusa waya cikin ramukan zuciyar inji ba tare da an kankare rufinta ba, matsalar da yake fama da ita kullum a injinan famfo da na niƙa. Lambar nan ce kaɗai ta sada ni da takardar, ita kuma ta sada shi da wani injiniyan da bai taɓa gani ba.

CPC kuwa ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Ofishin rajistar ƙirƙira na Turai da na Amurka ne suka ƙaddamar da shi a 2013, rukunansa sun kai kimanin 250,000, wato kusan ninki uku na IPC, kuma yana da gidan Y, inda Y02 ke tattara fasahohin rage ɗumamar yanayi. Amma na taɓa sayen jerin bayanai da aka gina a kan CPC kaɗai, sai daga baya na tarar takardun Japan da yawa da ba a nemi kariyarsu a waje ba sun faɗi, domin ofishin Japan yana da nasa tsarin na FI da F-term. A fannin da kamfanonin Japan irin su Nidec da Denso da Mitsubishi Electric suke, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Babban dalilin dai yana wajen dangantawa da masana'antu, domin fitattun jadawalan da ke yin wannan aiki a kan IPC aka gina su. Na WIPO, wanda Ulrich Schmoch ya tsara a 2008, ya kasa fasaha fanni 35, amma fannin farko ya haɗa injinan lantarki da batir da fitilu da wayoyi, saboda haka ya yi maka faɗi. Wanda ya fi kusa da buƙatarka shi ne jadawalin da ke kai IPC zuwa NACE, tsarin masana'antu na Turai, wanda ke cikin PATSTAT, rumbun alƙaluman takardun mallakar ƙirƙira na ofishin Turai, kuma yana kai H02K zuwa 27.1, daidai da 2710 a ISIC, tsarin masana'antu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: lambar IPC tana bayyana abin da aka ƙirƙira ne, lambar ISIC kuma tana bayyana sana'ar kamfani. A ISIC, altaneta da sitatar motar hawa suna 2930 tare da kayan gyaran motoci, alhali takardunsu da yawa suna H02K, don haka jadawalin zai lissafa ƙirƙirar kamfani irin Denso a masana'antar da ba tasa ba. Shi ya sa masu bincike Lybbert da Zolas suka fito da hanyar da ke raba kowane rukuni tsakanin masana'antu da dama gwargwadon yiwuwa, maimakon a jingina shi ga guda ɗaya. Idan za ka haɗa da alƙaluman kwastam, a tsarinsu na lambobin kaya mai suna HS, lambar 8501 ta mota da janareta zalla ce, 8502 kuma ta janareta haɗe da injin da ke juya shi, irin wanda muke kunnawa a gida.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da mutane iri biyu. Na farko su ne masu sayar da rahoto da tsada, alhali daga Espacenet da PATENTSCOPE, shafin bincike na WIPO, suka kwaso shi, inda kowa ke shiga kyauta. Kafin ka biya, ka tambaye su tsarin da suka bi da shekarar bugunsa, in suka fara kame-kame ka bar musu kayansu. Na biyu su ne masu tallar janareta da ba ya shan mai kuma ba ya buƙatar rana ko iska, suna ɗaga takardar rajista a matsayin shaida. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970, ofishin rajista yana duba cikar takardu ne, ba ya gwada ko abin sabo ne ko yana aiki. IPC ma ya ware wa irin waɗannan rukuni na musamman, H02K 53/00, na injinan da ake da'awar suna juyawa har abada, kuma ina ba ka shawarar ka cire shi daga lissafinka tun da farko.